Turken Kitse: Daga Feshin Ambursa Zuwa Allurar Maleriya a Kebbi

Daga Augie zuwa Argungu, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, Gulbin Rima ba ya bin hanya ɗaya. Da damina yakan tumbatsa ya malale fadama, idan ya janye kuma ya bar tafkuna da kududdufai da ke kaiwa har tsakiyar rani. Wannan ruwa shi ya ba Kabawa shinkafa da kifi, shi ne kuma ya ba su sauro. Tun kaka da kakanni an san cewa da hatsi ya fara nuna zazzaɓi zai shiga gidaje, an kuma san wanda yake ɗauka. Babba ya kwanta kwana biyu ya tashi ya koma gona. Yaron goye kuwa jikinsa ya yi zafi da hantsi, kafin magariba ya fara jijjiga, idanu su kafe, wani ma ba ya kai safiya.

Bambancin nan da ke tsakanin babba da yaro shi likitoci suka shafe fiye da shekara 100 suna bin sawunsa. Wani ɓangare na amsar da suka samu yana kan fatar ƙwayar cutar, a jikin wasu furotin da aka ɗaure da ɗan guntun kitse. Amma kafin a kai can, sai da aka fara gwada yaƙin a bangon ɗaki.

Feshin 1954

A shekarar 1954 aka buɗe wani aikin gwaji na yaƙi da maleriya a yammacin Lardin Sakkwato, da cibiya a Birnin Kebbi, tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Cikin jagororinsa akwai Leonard Bruce-Chwatt, shugaban sashen maleriya na Nijeriya a lokacin, da H. M. Archibald. Dabarar mai sauƙin faɗi ce. Macen sauron da ke yaɗa cutar, wanda masana ke kira Anopheles gambiae, idan ta sha jini da dare takan yi nauyi, ta sauka a bango ko ƙarƙashin jinka ta huta. Ƙwayar cutar da ta kwasa kuma tana bukatar kwana 10 ko fiye kafin ta nuna a cikinta. Idan bangon na da guba, sauron zai mutu kafin ya kai ga harbin wani. Aka raba yankin, mai mutane fiye da 100,000, aka gwada magunguna uku: DDT da BHC da dieldrin. Ma'aikata suka riƙa bin gida-gida da famfo a kafaɗa. A fito da tukwane da ƙore da tabarmi tsakar gida, a feshe bango da rufi, a wuce maƙwabta.

Da farko sauro ya ragu ƙwarai. Amma kafin ƙarshen 1955, a Ambursa, garin da filin jirgin saman Birnin Kebbi yake a yau, masu binciken ƙwari suka lura sauro na kwana lafiya a kan bangon da aka fesa wa dieldrin. R. Elliott da V. Ramakrishna suka wallafa labarin a mujallar Nature a 1956. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar babban sauron maleriya na Afirka ya gagari maganin feshi. Aka kai irin sauron Ambursa Landan, inda George Davidson ya hayayyafa shi ya nuna cewa taurin nan gado ne, ƙwayar gado ɗaya ce ke ɗauke da shi, kuma tana sa sauro ya jure gubar ninki ɗaruruwa. Aka koma ga DDT, aka faɗaɗa aikin, zazzaɓi ya ragu, amma bai yanke ba.

Daga 1969 zuwa 1976 aka sake wani gwajin da ya fi wannan tsauri a Garki, cikin tsohuwar Jihar Kano. Can an haɗa feshin propoxur da raba magani ga kowa da kowa a ƙauyuka. Cutar ta sauka ƙasa sosai, da aka dakatar da aikin ta dawo. Gwaje-gwajen biyu suka bar masana da magana ɗaya: a irin wannan ƙasa, feshi kaɗai ba zai raba mutane da maleriya ba. Sai hankali ya koma kan jikin mutum. Me jinin babba ya koya wanda na yaro bai koya ba? Me garkuwar jiki take gani idan ta dubi ƙwayar cuta?

Ɓeran Boston

Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ce ko ta cuta, tana cikin wani tantani na maiƙo mai hawa biyu. Garkuwar jiki ba ta leƙa ciki da farko. Abin da ke tsaye a waje, a kan tantanin, shi take shafawa ta gane nata da baƙo. Yawancin furotin da ke wurin sun huda tantanin ne: kai a waje, ƙafa a ciki, a tsakiya kuma jerin amino asid wajen 20 masu gudun ruwa da ke riƙe su cikin maiƙon. Haka aka ɗauka duka suke.

A 1964, shekara 10 bayan soma feshin Birnin Kebbi, Arnold Reif da Joan Allen suna binciken sankarar jini a jikin ɓeraye a Boston ta Amurka. Suka gano wata alama a kan ƙwayoyin taimos, ƙaramar gaɓar nan da ke bayan ƙashin ƙirji inda wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ke samun horo. Abin da ya ba su mamaki shi ne alamar tana nan jingim a ƙwaƙwalwa ma. Ita ce daga baya aka sa wa suna Thy-1. A 1969 Martin Raff a Landan ya nuna cewa da ita za a iya ware ƙwayoyin garkuwa na rukunin T daga na rukunin B a jikin ɓera, abin da ya buɗe wa ilimin garkuwar jiki babbar ƙofa.

A Oksfod, Alan Williams da abokan aikinsa suka tsamo furotin ɗin daga ƙwaƙwalwar ɓera suka karanta jerinsa. A farkon shekarun 1980 suka fito da abubuwa biyu. Na farko, ƙarami ne, amino asid 111, kuma ƙirarsa ta yi kama da guntun antibodi, wato makamin da jini ke ƙerawa don kama baƙo. Ga furotin na jijiyar ƙwaƙwalwa da siffar makamin garkuwa: alama ce cewa tsarin da jijiyoyi ke gane juna da tsarin da jiki ke gane maƙiyi sun fito daga tushe ɗaya. Na biyu, ba shi da jerin nan mai huda tantani. A ƙarshensa akwai wani abu da ba furotin ba. To, da me yake maƙale?

An riga an ga alamar amsar ba tare da an kula ba. A 1976 Hiroh Ikezawa a Japan, da Martin Low a Ingila shekara guda bayansa, sun lura cewa wani inzayim na bakteriya mai yanka nau'in kitse guda ɗaya tak yana sakin wasu furotin daga jikin ƙwayar halitta, su fito cikakku, ba tare da tantanin ya fashe ba. A 1985 Low da Paul Kincade suka nuna Thy-1 ma haka yake saki. Amma ƙwaƙwalwar ɓera ba ta ba da abin da zai isa a yi masa filla-filla cikin sauƙi ba. Halittar da ta ba da shi da yawa, makiyayan ƙasar nan sun daɗe da saninta.

Tsando, sammore da ciwon barci

Bafulatanin da ya gangara kudu da shanu da rani ya san kurmin da ba a kwana kusa da shi. Tsando ya ciji saniya, bayan makonni ta fara rama, gashi ya tashi, ido ya yi ruwa, ta warware kamar ta warke, ta sake kwantawa. Sammore ke nan. 'Yar'uwar wannan ƙwayar cuta ce ke sa mutum ciwon barci idan ta tsallaka daga jini ta shiga ƙwaƙwalwa. A shekarun 1930 annobarsa ta mamaye tsakiyar Arewa, aka yi wa ɗaruruwan dubban mutane magani, aka sare kurmin rafuka a ƙasar Anchau ta Lardin Zazzau, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Daga wannan gwagwarmaya aka kafa cibiyar binciken cutar ta Afirka ta Yamma a Kaduna da Vom, wadda ta koma hannun Nijeriya a 1964.

Tun a 1910 Ronald Ross da David Thomson suka ƙirga ƙwayoyin cutar kullum a jinin wani majinyaci a Libaful, suka ga suna hawa suna sauka kusan kowane mako. A 1969 Keith Vickerman ya hango dalili a na'urar hangen ƙananan halittu: ƙwayar tana sanye da riga mai kauri. A 1975 George Cross a Kambirij ya nuna rigar furotin iri ɗaya ce, kwafi wajen miliyan 10 jere kafaɗa da kafaɗa, wanda ake kira VSG. Jiki ya ƙera antibodi ya kashe masu wannan riga, 'yan kaɗan da suka riga suka sauya wata su hayayyafa, ciwo ya dawo. Ƙwayar tana da ƙwayoyin gado fiye da 1,000 na riguna dabam-dabam. Shi ya sa har yau babu allurar rigakafin sammore ko ciwon barci.

Tunda kowace ƙwaya na ɗauke da kwafi miliyoyi, ga kayan aiki a yalwace. Michael Ferguson, yana aiki da Cross a Jami'ar Rockefeller da ke New York, ya nuna a 1984 da 1985 cewa ƙarshen VSG kitse ne haɗe da sukari. Ya koma Oksfod, inda a 1988 shi da Steve Homans da Raymond Dwek da Thomas Rademacher suka fitar da cikakkiyar ƙirar abin. A cikin shekarar dai suka fitar da ta Thy-1 na ƙwaƙwalwar ɓera. Da aka jera su sai ga ƙashin bayansu ɗaya. Ƙwayar sammore da jijiyar ƙwaƙwalwar dabba mai shayarwa, waɗanda suka rabu tun fiye da shekara biliyan ɗaya, suna ɗaure furotin ɗinsu da ɗauri iri guda.

Yadda turken yake

Wanda ya taɓa ɗaure akuya a turke ya riga ya fahimci tsarin. Furotin shi ne dabbar, gaba ɗayansa yana waje. Igiyar gajera ce: wani sinadari mai suna etanolamin, sai sukarin manos guda uku, sai gulukosamin ɗaya, sai inositol. Turken kuwa saiwoyin kitse ne, galibi biyu, da aka kafa a hawa na waje na tantanin kawai, ba su kai ciki ba. Masana na taƙaita sunan wannan ɗauri da GPI. Ƙwayar halitta takan haɗa shi tun da wuri ta ajiye. Da ta gama ƙera furotin, sai ta datse wutsiyarsa ta maye gurbinta da turken. A jikin ƙwayar sammore, wannan musanya kan faru cikin kusan minti ɗaya.

Irin wannan ɗauri na da amfani uku. Furotin na iya zamewa a kan tantani cikin sauƙi, ana iya cunkusa su da yawa ba tare da an cika cikin ƙwayar da ƙafafu ba, kuma yanka ɗaya ya isa a sake su. A 2007 Markus Engstler da abokansa a Jamus suka nuna yadda ƙwayar sammore ke cin moriyar na farko. Tana iyo gaba ba tsayawa. Idan antibodi ya kama wani VSG, ruwan da ke gudana a jikinta sai ya tura su biyun baya, zuwa wani ɗan aljihu kusa da gindin wutsiyarta. Nan take haɗiye su, ta narkar da antibodin, ta mayar da VSG ɗin waje. Tana iya juya rigarta gaba ɗaya ta wannan aljihu cikin kusan minti 12.

A jikin ɗan Adam an ƙirga furotin wajen 150 masu wannan turke, kuma da yawansu na aiki ne a garkuwar jiki ko a ƙwaƙwalwa. Biyu daga ciki, CD55 da CD59, suna zaune a kan jajayen ƙwayoyin jini suna hana garkuwar jiki ta far musu. Akwai wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba, inda majinyaci kan wayi gari da baƙin fitsari saboda jininsa na fashewa. A 1993 Taroh Kinoshita a Osaka ya gano asalinta: ƙwayar gadon da ke fara ƙera turken ce ta lalace a ɓargo, don haka masu gadin nan biyu ba su da wurin tsayawa. Yaran da aka haifa da naƙasa a hanyar ƙera turken kuma sukan yi fama da farfaɗiya da jinkirin girman hankali. Furotin ɗin da ke bayan cutar haukan shanu, wadda ta girgiza Ingila a shekarun 1990, shi ma a 1987 aka tabbatar a kan irin wannan turke yake.

Shi kuwa Thy-1, da ya buɗe hanyar, ya ci gaba da wahalar da masu bincike. Yana bayyana a jijiyoyin ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, lokacin da suka gama miƙa rassansu, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana taka wa tsirowar rassan birki. Amma ɓerayen da aka cire musu shi gaba ɗaya a 1996 sun rayu, sun kuma koyi hanya kamar sauran. A jikin mutum, likitoci na amfani da shi a yau da sunan CD90 wajen gane ƙwayoyin asali na ɓargo da ke haifar da jini.

Rigar ƙwayar maleriya

Idan sauro ya soka bakinsa, yakan tofa miyau don kada jini ya daskare. Cikin miyan akwai ƙwayoyin cutar, sirara masu lanƙwasa, daga gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa. Sukan yi ta zamewa a cikin fata har su sami jijiyar jini, su bi ta zuwa hanta. Wadda ta shiga ƙwayar hanta takan yi shiru kusan mako guda, mutum bai san komai ba, sannan ta fashe da 'ya'ya dubun dubata da ke afka wa jajayen ƙwayoyin jini. Daga nan zazzaɓi ke farawa. Tsakanin cizo da hanta, ƙwayoyin ba su da yawa kuma suna fili. Nan ne suka fi rauni.

A 1967 Ruth Nussenzweig a Jami'ar New York ta raunana irin waɗannan ƙwayoyi da hasken radiyeshon ta yi wa ɓeraye allura da su, ɓerayen suka tsira daga kamuwa. A 1980 ita da mijinta Victor da abokan aikinsu suka gano abin da jinin ɓerayen ke kamawa: furotin guda da ya lulluɓe ƙwayar daga kai har wutsiya, mai suna CSP. A 1984 aka karanta ƙwayar gadonsa a irin ƙwayar cutar da ke kama mutum. Tsakiyarsa amino asid huɗu ne da ake ta maimaitawa sau wajen 40, ƙarshensa kuma yana da irin wutsiyar nan da ake datsewa a sa turke. Ba kamar VSG ba, wannan tsakiya ba ta sauyawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. An daɗe ana kyautata zaton turken GPI ne ke riƙe da shi, amma samun ƙwayoyin da za su isa gwaji yana nufin feɗe dubban sauro ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2024 ɗakin binciken Ferguson a Dundee, tare da na Photini Sinnis a Baltimo, suka tabbatar da hakan ta hanyar awon sinadari.

Masu ƙera allura ba su jira wannan ba. A 1987 kamfanin da ya zama GSK da cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed suka ɗauki rabin CSP, suka bar turken, suka liƙa shi a jikin furotin na ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wanda da kansa yake dunƙulewa ya yi kama da bairos. Aka kira shi RTS,S. Gwajinsa babba, daga 2009 zuwa 2014, ya haɗa yara fiye da 15,000 a ƙasashen Afirka 7, ya kuma rage zazzaɓi da kashi 36 cikin 100 cikin shekara 4 ga waɗanda suka sami allura huɗu. Mutane da yawa suka raina adadin. Amma da aka fara bayar da shi a Gana da Kenya da Malawi daga 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓarsa ta ragu da kashi 13 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Oktoba 2021.

Inda cutar ke taɓa ƙwaƙwalwa

Turken ba riƙo kawai yake yi ba. Tun a 1886 Camillo Golgi a Italiya ya lura zazzaɓi na tashi ne daidai lokacin da jajayen ƙwayoyin jini ke fashewa, abin da ya sa aka yi zargin akwai wata guba da ke fita. A 1990 Dominic Kwiatkowski ya auna jinin yara a Gambiya, ya ga wani sinadarin faɗakarwa na garkuwar jiki, mai suna TNF, ya ninka sau 10 a jikin waɗanda maleriyar ƙwaƙwalwa ta kashe idan aka kwatanta da masu zazzaɓi mai sauƙi. A 1993 Louis Schofield da Fiona Hackett suka nuna cewa GPI na ƙwayar maleriya, shi kaɗai ba tare da furotin ba, yana sa fararen ƙwayoyin jini su kwararo TNF, zafin jiki ya hau, sukarin jini ya faɗi. Turken ƙwayar cutar ya ɗan bambanta da namu a saiwoyin kitsensa da adon sukarinsa, kuma jiki na gane wannan bambanci.

A 2000 wani bincike a yammacin Kenya ya samu cewa manya na da antibodi masu kama wannan turke, yara 'yan ƙasa da shekara 2 kuwa galibi ba su da su. A 2002 Schofield da Peter Seeberger suka haɗa igiyar sukarin a ɗakin gwaji suka yi wa ɓeraye allura da ita. Ƙwayoyin cutar suka ci gaba da yawaita a jininsu, amma akasarinsu suka tsira daga ciwon ƙwaƙwalwa. Wannan ya yi daidai da abin da kowa ke gani a fadama: magidanci na yawo da ƙwayar cutar a jininsa yana noma. Masana dai ba su haɗu a kan cewa GPI ne kaɗai gubar ba, domin dattin jinin da ƙwayar ke bari da kuma DNA ɗinta su ma suna tayar da garkuwa.

Abin da ke faruwa a kan yaron da aka kawo asibiti a sume ya haɗa abubuwa biyu. Jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga sukan yi danƙo su manne a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, fushin garkuwar jiki kuma ya ƙara wa bangon danƙo, ya sa shi yoyo. A 2015 Karl Seydel da Terrie Taylor suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 a Blantyre ta Malawi. Cikin waɗanda suka rasu, kashi 84 cikin 100 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa, har ta danne wurin da ke sarrafa numfashi. Cikin waɗanda suka rayu, kashi 27 ne kawai. Shi ya sa jijjigar yaro mai zazzaɓi ba ta jiran hayaƙi ko tofi kaɗai. Allurar artesunate, wadda gwajin 2010 a ƙasashe 9 har da Nijeriya ya nuna ta fi kwinin ceton rai da kashi 22.5 cikin 100, tana aiki ne idan an kai yaro da wuri.

Disamba 2024

A Cibiyar Jenner ta Oksfod, Adrian Hill da abokan aikinsa suka sake ƙirar RTS,S ta yadda guntun CSP zai fi yawa a kan kowane dunƙule, suka kira sabon R21. Aka haɗa shi da wani sinadarin zaburar da garkuwa, Matrix-M, da ake samu daga ɓawon wata itaciya ta ƙasar Chile. A Nanoro ta Burkina Faso, Halidou Tinto ya gwada shi kan yara 450, a 2021 ya ba da rahoton kariyar kashi 77 cikin 100. Gwaji na gaba, kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, ya ba da kashi 75 a wuraren da cutar ke bin damina, da kashi 68 a inda take shekara. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya ɗauki nauyin sarrafa shi da yawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta ba shi amincewar wucin gadi a Afrilu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi baya a Oktoba.

Nijeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma a cikin Nijeriya Kebbi ce ta kasance kan gaba a binciken 2015 zuwa 2021. Binciken ƙasa ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 64 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5 a 2015, kashi 52 a 2018, kashi 49 a 2021, lokacin da matsakaicin ƙasa yake kashi 22. A Oktoba 2024 kashin farko na allurar, guda 846,200, ya sauka Abuja. Ranar 2 ga Disamba aka fara yi wa yara a jihohi biyu, Kebbi da Bayelsa, shekara 70 bayan famfon feshi na farko ya shiga gidajen Birnin Kebbi.

Yanayin CSP shi ke bayyana ƙarfin allurar da iyakarta. Tana koya wa jiki kama ƙwayar ne a ɗan gajeren lokacin nan kafin ta shiga hanta. Bayan nan ƙwayar ta tuɓe CSP ta sa wasu furotin, da yawansu su ma a kan turke, waɗanda allurar ba ta san su ba. Ƙwaya ɗaya da ta kuɓuce ta isa ta kawo zazzaɓi. Don haka dole antibodi su kasance da yawa a jini a daidai daren cizo, alhali kuwa sukan ragu da wucewar watanni. Wani gwaji a Mali da Burkina Faso, da aka wallafa a 2021, ya nuna cewa yaran da aka haɗa musu allurar RTS,S da maganin damina da ake rabawa wata-wata sun fi waɗanda suka sha maganin kaɗai tsira: kwanciya asibiti da maleriya mai tsanani ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gidan sauro da maganin damina suna nan a matsayinsu.

Tsarin da Nijeriya ta ɗauka allura huɗu ne: a wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Ukun farko suna kusa da juna, uwa na zuwa asibiti da goyonta ba wuya. Tsakanin ta uku da ta huɗu kuwa wata 8 ne. Yaro ya fara tafiya, wataƙila an yi masa ƙane a ciki, aikin gona ya taso, katin rigakafi ya shige ƙasan akwati. Yaron da aka haifa a Augie a Yulin 2024, wanda ya cika wata 5 a watan da aka fara, ta huɗunsa ta faɗo ne a Oktoban 2025, ƙarshen damina, lokacin da sauro ya fi yawa kuma kariyar ukun farko ta fara sanyi. Watan da ake yin ta shi ne watan allurar ƙyanda ta biyu, don haka tafiya ɗaya ta wadatar wa duka biyun.